Baba Kafinta da Maganar da Na Bari a Bakin Rijiya

Ranar da Baba Kafinta ya rasu, mutanen unguwarmu Zango sun rasa bakin gaisuwa. Sai ka ga mutum ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya buɗe baki zai ce Allah ya jiƙan Musulmi, sai ya tuna, ya haɗiye, ya ce, "Inna, yaya haƙuri?" Inna, matar marigayin ke nan, tana zaune a tabarma da hannuwa bisa cinya, ba kururuwa ba birgima. Kowa ya zo sai ta dube shi cikin ido ta ce, "Na gode da zuwanka."

Limamin unguwarmu ya zo yana dogara sanda. Ya daɗe a tsaye yana shafa gemu, can ya ce, "Ni dai ban san sunan addininsa ba. Amma ƙofar masallacina aikinsa ce, kuma shekara goma sha biyu ban taɓa kama shi da ƙarya ba."

Wani mahauci ya ce, "To Malam, wa zai yi masa salla?"

Liman ya ce, "Kai da ko taka ba ka cika yi ba? Ɗauki gatari ka je ka taya haƙa."

Maigidana kuwa, wanda ko ranar mutuwar mahaifinsa ban ga hawayensa ba, bango ya fuskanta yana kuka kamar an yaye shi.

Ni ina wajen mata ina zagayawa da ƙwaryar ruwa. Sai na ji wata amarya da aka kawo daga ƙauyen Gaffati bara, wadda ko gaisawa ba ta taɓa yi da shi ba, tana raɗa wa ta kusa da ita: "An ce fa su ne masu zama shiru suna kiran iskoki. Shi ya sa suke barin fili a tsakiya, wai nan abin yake sauka."

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mini. Na gane maganar kalma-kalma, har da filin tsakiyar. Ni na ƙera ta da bakina a bakin rijiya, shekara bakwai da suka wuce. Ga mutumin a kwance ana shirin kai shi, ga ƙaryata tana yawo da ƙafarta a gidan makokinsa. Shi ya sa na zauna rubutun nan, ni da ban saba ba. Ina so a san ko shi wane ne, a kuma san abin da na yi masa.

Mutumin Kurmi ne, daga can bakin teku, ƙasar da yanzu ake ce wa Gana. Wani kamfanin gyaɗa ya kawo shi Damagaram ya yi musu ƙofofi da tagogin mangaza, wato ɗakin ajiyar gyaɗarsu. Aiki ya ƙare, shi bai koma ba. Surukina, wanda duk muke ce wa Abba da yake asalinsu Barebari ne, mai saukar baƙi ne tun zamanin ayari, fataken goro a gidansa suke sauka. Shi ya ba shi ɗaki biyu a gefen zaure. Da aka kawo ni amarya na same su nan, shi da Inna, ba ɗa ba jika. Kwanana uku a gidan ya fara ce mini "'yata", kuma bai canza ba har ya mutu, har a lokacin da ban cancanta ba.

Dogon tsoho ne, siriri, kullum da fensir a bayan kunne. Hausarsa ta fatake ce, a hankali yake ɗora kalma bisa kalma kamar mai jera katako. Ba a ciniki da shi. In ya faɗi kuɗin akwati ka taya ƙasa, sai ya ce, "Da zan iya sallamawa haka, ai da haka na faɗa tun farko." Abin ya dami mutanen Zango ƙwarai. Har Abba ya ce masa, "Haba Kafinta, ciniki ai zumunci ne." Ya tura masa kujera ya ce, "To zauna mu yi zumuncin, maigida. Kuɗin dai yana nan inda yake."

Gaisuwarsa ɗaya ce ga kowa, a tsaye, ya miƙa hannu. Wata rana motar Kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ta tsaya a ƙofar gidanmu, duk maza suka cire huluna, shi tasa tana ka. Gardi ya daka masa tsawa, "Kai tsoho, hula!" Ya ce, "Ɗana, ɗazu mai garuwa ya wuce ban cire masa ba, ba kuwa don na raina shi ba." Muna bayan zana muna toshe baki.

Kirista ne, amma ba ya zuwa cocin Fada na Katolika, ba ya zuwa na Mishan. Su Abokai suke ce wa kansu, Nasara kuma na ce musu Kweka. A duk garin su shida ne: shi da Inna, da wata ungozoma 'yar Dahome da mijinta direba, da wani akawun gidan waya ɗan Togo, da wani tsohon soja mutumin Cadi, wanda ya yi wa Faransa yaƙi ya dawo da kunne ɗaya ya ce shi da bindiga har abada. Ran Lahadi da hantsi Inna za ta share zaure, a kewaya tabarmi da benci biyu, su zauna suna fuskantar juna. Shi ke nan fa. Ba liman, ba ƙararrawa, ba waƙa. Awa guda cur ba wanda zai ce uffan, sai in wani ya ji magana ta cika masa zuciya, ya miƙe ya faɗi kalma biyu uku ya zauna. Ko Inna takan miƙe, maza na zaune suna saurare. In lokaci ya yi sai Baba ya miƙa wa na kusa da shi hannu, kowa ya gaisa da kowa, a kawo shayi da ƙosai.

Ni da ko a mafarki surutu nake yi, abin ya ɗaure mini kai. Akwai wata ɓula a zanar da ta raba zaure da cikin gida, ba Lahadin da ban sa ido a ciki ba. Ran nan na kasa daurewa na ce, "Inna, don Allah me kuke jira?"

Ta ce, "In an zubo miki ruwan rijiya a tulu, nan take kike sha?"

Na ce, "A'a, sai ya kwanta."

Ta ce, "To. Mu a wurinmu akwai hasken Allah a cikin kowane ɗan Adam. In an natsu akan ji abin da yake nunawa."

Na ce, "Har da ni?"

Ta yi dariya ta ce, "Har da ke, in kika ba shi fili ya sa baki."

Ba sa yanke shawara sai kowa ya yarda. Akawun nan ya taɓa kawo agogon bango kyauta a rataya a zaure, tsohon soja ya ce ƙararsa tana tuna masa bariki. Lahadi uku suna zama a kan agogon nan, ba gardama, sai shiru da magana ɗai-ɗai, har akawun da kansa ya ce zai kai wa gidan likita. Abba ya ce, "Ko rabon gado ba ya kai haka." Duk ƙarshen wata kuma su haɗa abinci su kai wa 'yan kaso, wato fursunoni, da kutaren bayan gari, ba tare da sun ce wa kowa ya shigo addininsu ba. Ni ma shekara uku Inna tana koya mini haruffan boko a bayan faifai da gawayi, ba ta taɓa ce mini in bar sallata ba. Ita ma ke ce mini, "Tashi, an kira la'asar."

Haka muke har shekarar da mangazar gyaɗa ta ƙone.

Maigidana shi ne mai awo a mangazar. Wuta ta tashi da azahar, wani ya ce wai ya gan shi a bayan buhuna yana shan taba. Alhali ran nan tun safe ya raka Baba garin Mirriya kai ƙofar wani gida a amalanke, sai bayan la'asar suka dawo. Jandarma suka zo suka tafi da shi. Ban ma tayar da hankali sosai ba, na ce ai akwai Baba. Duk Zango wa zai ƙaryata Baba?

Ranar shari'a na tsaya a bakin taga da goyo a baya. Alƙalin Nasara ne, ga tafinta a gefe. Aka kira Baba, tafinta ya ce, "Ɗaga hannun dama ka ce ka rantse."

Baba ya ce, "Ka gaya masa zan faɗi abin da na gani, ba ragi ba ƙari. Amma mu ba ma rantsuwa."

Tafinta ya rage murya ya ce, "Tsoho, kalma ɗaya ce fa. Su kansu Nasaran ba su ɗauke ta a bakin komai ba."

Ya ce, "In ba komai ba ce, a bar ta mana."

Alƙali ya tambayi me ake cewa, aka gaya masa, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya buga tebur ya ce a sake tambayarsa. Baba ya ce, "Gaskiya ɗaya gare ni. Ba ni da ta gidan shari'a daban da ta kasuwa. In na rantse yau, na nuna ke nan maganata ta jiya ba abar riƙewa ba ce."

Aka ce raini ne, aka fitar da shi ba a ji shaidarsa ba. Kafin azahar an yanke wa maigidana shekara guda a kaso.

A ƙofar gidan shari'a na tare shi, ko kunyar mutane ban ji ba. Na ce, "Baba, hannu fa! Hannu kawai za ka ɗaga! Kullum kana ɗaga shi kana buga ƙusa!" Na ƙara da cewa, "Mutumin da ya ɗauke ka uba?" Abba ne ya ja ni gida.

Lahadin da ta biyo, ina jin Inna ta gama shara, na mirgino turmi daga madafa na kafa shi jikin zanar zaure. Suna zama na zuba gero. Ba daka kawai ba, har da jefa taɓarya sama ina tafi, ina waƙa da ƙarfina:

Mai baki bai yi magana ba,
mai hannu bai ɗaga ba,
ɗan mutane yana kaso,
su suna zaune sun yi jugum.

Awa guda ina yi, har geron ya zama gari ina dakan banza. Ba wanda ya leƙo. Da suka gama na ji sun gaisa kamar kullum, Inna ta aiko mini da ƙosai. Na ba kaji. Lahadi huɗu ina haka. Abba ya ce, "Wai hatsin gidan nan sai Lahadi yake son daka?" Na ce, "Abba, ranar ce nake da hannu." Bai hana ni ba, don ɗansa ne a kaso, shi ma zuciyarsa ba daɗi.

Da a nan na tsaya, da sai a ce zafin rai ne na mace mai goyo. Ban tsaya ba. Wata safiya a bakin rijiya mata suka kewaye ni da jaje, wata ta ce, "Wai ni me ya hana tsohon nan rantsuwa?" Ba zan ce Shaiɗan ba ne, ni ce. Na ajiye guga na ce, "Wanda ya riga ya rantse wa wani abu ai ba ya iya rantsuwa da Allah." Suka matso. Na ga sun matso, na ji daɗi, na ƙara. Na ce ni da nake leƙensu na san abin da na gani. Na ce sukan rufe ido su bar fili a tsakiya, ba liman ba littafi, to wa suke jira ya sauka a filin? Ban ce iskoki ba. Na bari wata ta faɗa, ni kuma na ɗaga kafaɗa na ɗauki tuluna.

Kafin kasuwa ta zagayo magana ta cika Zango ta tsallaka unguwar Birni. Aka daina kawo wa Baba aiki. Mata suka fara ƙin ungozomar nan, wadda rabin 'ya'yan unguwa a hannunta suka faɗo. Aka yi jifa kan zauren ran Lahadi. Daga ƙarshe fataken goro suka ce wa Abba in masu shiru ba su tashi ba, su za su sake masauki.

Abba ya kira Baba zaure, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar Inna har sau uku. Baba ya ce, "Maigida, ba sai ka faɗa ba. Za mu tashi." Abba ya rufe fuska da hannun riga ya ce, "Tun kakana ba a taɓa tayar da baƙo a gidan nan ba." Bayan shekara biyu Abba ya rasu, yana zaton maganar gari ce kawai ta sa shi wannan abin kunya. Bai san daga cikin gidansa ta fita ba.

Ranar da za su tashi, an gama ɗora kaya a amalanke, Baba ya yi sallama ya tsaya a ƙofar madafa. Ina tankaɗe, ban ɗago ba.

Ya ce, "'Yata, magana biyu na kawo miki. Ta fari, ƙin rantsuwata ya jawo miki wahala ke da goyonki. Na sani, yana kuma cin raina. Ko yau aka sake kirana ba zan rantse ba, amma ina roƙonki gafarar wahalar. Ta biyu, abin da kika faɗa a rijiya ba gaskiya ba ne, ke ma kin sani, don kin sha leƙenmu. Mata uku suka gaya wa ungozoma daga bakinki suka ji. Ban gaya wa maigida ba, ba zan gaya wa mijinki ba. Naki ne. Ranar da kika so mu yi maganar, ina nan."

Na ce, "Kafinta, matsa, ina aiki."

Kafinta na ce. Ban ce Baba ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "A gaida goyo," ya tafi.

Wani gida suka kama can ƙarshen Zango wajen duwatsu, mai ɗaki ɗaya da bishiyar kurna. A gindin kurnar suka ci gaba da zamansu na Lahadi.

Wata biyar da ɗaurin, sai ga maigidana ya yi sallama da rana tsaka, ya rame kamar kara. Daga bakinsa na ji abin da ban sani ba. Ashe tun washegarin shari'a, duk ranar aiki Baba yakan je ya zauna a bencin da ke ƙofar ofishin alƙali, da takardar shaidarsa a hannu, tun safe har a tashi. In gardi ya ce, "Tsoho, ka zo ka rantse?" sai ya ce, "Na zo in faɗi gaskiya." A kore shi, gobe ya dawo. Sauran biyar ɗin kowa da ranar da yake kai wa maigidana abinci. Alƙali ya gaji da tsallake ƙafafun tsohon nan kullum, ya karɓi takardar, ya aika Mirriya a tambayi masu gidan da aka kai wa ƙofa. Suka ce i, ran nan ne, har fura suka dama musu. Aka sake shi.

To, a nan ne ya kamata in yafa mayafi in tafi gindin kurnar nan. Sai na yi irin tamu. Mu nan in an ɓata ba a tono. Ka aika da tuwo, a cinye, a maido kwano da goro a ciki, magana ta mutu ba wanda ya ji kunya. Da salla ta zo na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na tsame musu tsoka mafi kyau, na ba maigidana ya kai. Kwano ya dawo a wanke, da ɗan ludayin itace sassaƙar Baba a ciki. Maigidana ya ce, "Wai in ce miki ya gode, kuma wai yana nan." Ya yi dariya ya ce, "Tsohon nan, da ina za shi?"

Ni na san abin da yake nufi. Amma na ce a raina ai ya ci tuwon. Babbar salla na aika da cinyar rago. Saƙon bai canza ba: ya gode, yana nan. Shekara bakwai, salla biyu-biyu, ni ina aika kwano ya yi mini magana, shi yana jiran mai kwanon. In mun haɗu a hanya in durƙusa in ce, "Baba, ina wuni," ya ce, "'Yata, yaya yara," ya ɗan dakata, ni kuma in ce rana ta yi, in wuce.

Bana da damina ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Sati uku ina aika kunu. Da maigidana ya ce jikin ya yi nisa, na ce yau kam sai na faɗa. Tun daga gida nake maimaita maganar a hanya. Na same shi a gadon da ya yi da hannunsa, ya zama kamar tsinke, fensirin dai yana bayan kunne. Inna ta ba ni kujera, ta ce za ta duba tukunya, ta fita ta saki labule. Na san da gangan ta yi.

Sai bakina ya kama hanyarsa. Na ba shi labarin akuyarmu da ta haifi uku. Na ba shi labarin bikin 'yancin kai na bara, yadda 'yan lakwal, yaran makarantar boko, suka yi ta maci da sabuwar tuta har wata yarinya ta suma. Na yi masa zancen ruwan da aka yi a Gaffati, da auren 'yar maƙwabta. Yana saurare, yana murmushi inda ya kamata. Can labari ya ƙare mini. Shiru ya sauka a ɗakin, wanda bai kai a sha moɗar ruwa ba, amma na ji kamar an ɗora mini dutse.

Ya ce, "Sai me kuma, 'yata?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya lumshe ido ya ce, "To. Ki gaida yara."

Kwana biyu ya ƙara.

Ran kwana uku da binne shi Abokai suka yi zamansu na tunawa da shi, suka gayyaci unguwa. Ungozoma ta miƙe ta ce, "Ba mai jan gaba a nan. Za mu zauna shiru. Duk wanda wata magana a kan mamacin ta cika masa zuciya, ya tashi ya faɗa, Musulmi ko Kirista, mace ko namiji." Mutanen Zango ba su saba ba. Wannan ya yi tari, wancan ya ciro tasbaha, Liman ya sunkuyar da kai a gefe. Tsohon soja ya tashi ya ce Baba ne mutum na fari da ya tambaye shi labarin yaƙi sannan ya bar shi ya yi kuka. Maigidana ya tashi ya faɗi zancen bencin nan, bai iya ƙarasawa ba. Amaryar Gaffati tana gabana, ta ƙanƙame layar wuyanta, idonta a kan filin tsakiya.

Ga fili an ba ni, ga duk waɗanda ya kamata su ji. Sau uku ina dafa ƙasa zan miƙe. Na tuna maigidana yana nan, bai sani ba. Na tuna 'ya'yana. Na tuna matan rijiya. Na koma na zauna. Ina nan har na ga Inna ta miƙa wa ta kusa da ita hannu, an gama.

Da ta iso kaina ta riƙe hannuna da nata biyu ta ce, "Yau na ga kin yi awa guda shiru. Da ya gani da ya ji daɗi."

Na ce, "Na gode, Inna."

Tsorona ta ɗauka natsuwa, ni kuma na karɓi yabon. Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta ran nan ba.

Bayan kaka Inna ta shirya komawa wajen danginta. Muka raka ta tasha da safe, inda za ta hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kano. Maza na can suna ɗaure kaya, na ja ta bayan wata rumfa na zube a ƙasa. Na faɗa mata duka, turmi da rijiya da Abba da zancen akuya. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Ina jiran abin da kowa yake cewa a irin wannan wuri: ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ta ce, "Tashi, ba a durƙusa mini." Na tashi. Ta ce, "Da komai, 'yata. Ba zan ce miki ba komai ba."



Ta ce, "Nawa na yafe tuni, don ba zan iya ɗaukarsa da tsufa ba. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba, kuma ba zan sa masa maganar da bai faɗa ba. Abin da na sani, duk sallar da kwanonki ya zo, yakan sa rigarsa mai kyau ya zauna a ƙofa har la'asar, ko za ki biyo kwanon."

Ina kuka tana share mini fuska da bakin zanenta, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Ta ce, "Ni tafiya zan yi. Huɗu suna nan garin. 'Ya'yan ungozoma har yau a lakwal 'ya'yan masu iskoki ake ce musu. Ba ni ce ya kamata ki gaya wa ba." Direba ya yi oda, ta miƙa mini hannu irin nasu, ta hau.

A hanyar dawowa na gaya wa maigidana. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Kwana tara yana cin tuwona ba ya duban fuskata.

Washegarin tafiyar Inna na ɗauki tulu na tafi rijiya lokacin da ta fi cika. Na hau kan dutsen da ake ɗora guga na ce, "Ku saurara, mata. Maganar da na faɗa a nan a kan su Baba Kafinta, ƙarya ce, ni na ƙaga don haushi." Wasu suka yi salati. Wata ta ce, "Ke dai ba kya rabo da abin faɗa." Wata tsohuwa ta ce, "Haba, ni fa ba daga gare ki na ji ba, a Birni na ji, wurin wanda ya gani da idonsa." Amaryar Gaffati ta ce wa ta kusa da ita, ba ta ko rage murya ba, "Kin ji, har sun kama bakinta."

A safiya ɗaya na zubar da ƙaryar nan, ga shi na zo kwashewa ta fi ƙarfin hannuna. Shi ya sa na sa gaskiyar a takarda. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a Zango da Birni, har Mirriya da Gaffati in ta kai.

Makomarsa Allah ne masani, ba ni da bakin shiga nan. Allah shi ya san bayinsa, ya kuma san wanda ya zauna a benci wata biyar saboda ɗan wani. Ni abin da na gani kawai zan shaida, ba kuwa zan rantse ba. Shekara uku idona yana ɓular zanar nan duk Lahadi. Tsofaffi ne da baƙi a zaune suna neman Ubangijinsu yadda suka sani. Ba abin da ya taɓa sauka a tsakiyarsu. Ni na ce akwai, kuma ƙarya na yi.